Tayar da Inji da Sanyin Asuba: Tarihin Wani Ɗan Bawul da Saɓanin Makanikai a Kansa

Duk wanda ya yi zamani da motocin dā, ko direba ne, ko yaron mota, ko fasinja mai sammako, ya san babu lokacin da ake gane halin inji kamar 'yan daƙiƙun farko na asubar hunturu, sa'ad da ƙarfe ya kwana yana shan sanyi, batir ya yi rauni, baƙin mai ya yi kauri, mutum ya murɗa makulli ya kasa kunne, bai sani ba ko za ta kama ko kuwa sai an tara 'yan turi. To, in wannan ne halinmu a ƙasar da sanyinta da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, ina ga mutanen kudancin Jamus, inda ruwa ke daskarewa a kan titi, inda kuma aka ƙago mafi yawan dabarun da za mu ambata? Abin da nake nufin bayyanawa shi ne tarihin wani ɗan ƙaramin sashe na mota, wanda aikinsa duka bai wuce 'yan sakanni a yini ba, amma har yau ma'abota tsofaffin motocin gudu da makanikansu suna saɓani a kansa, kowane ɓangare da hujjojinsa da malamansa.

Asalin illar a ɗabi'ar fetur take. Fetur ba ya ƙonewa yana ruwa, tururinsa ne ke kamawa, kuma sai tururin nan ya cuɗanya da iska bisa wani mizani, wanda masana suka ƙayyade da kimanin kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai, kafin tartsatsin fulogi ya sami abin ci. Shi kuwa fetur gaurayen sinadarai ne masu yawa, waɗansu masu sauƙi da ke tashi tun zafi bai wuce digiri 30 ko 40 ba, waɗansu masu nauyi da ba sa zama tururi sai an doshi digiri 200. In inji ya kwana, masu sauƙin ne kaɗai ke tashi, sauran sai su kwanta a jikin bututu da bangon silinda kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin randa, har ya zama abin da ke isa gun wuta iska ce mai yawa da ɗan ƙanshin mai. Magani tun farko guda ne, watau a zuba mai fiye da ƙima, ninki-ba-ninki, don ɗan abin da zai tashi daga cikinsa ya wadatar, sa'an nan a riƙa rage shi sannu a hankali gwargwadon yadda ƙarfe ke ɗumama. Mas'alar da aka yi kusan shekara ɗari ana kai-komo a kanta ita ce wanda zai yanke hukuncin yawan abin da za a zuba, da lokacin da za a daina.

A zamanin kafireto hukuncin na hannun direba. Kafireto mai fesawa, wanda Wilhelm Maybach ya fito da shi a 1893, daga baya aka ƙara masa wani ɗan faifai a bakin mashigar iska, wanda in an ja wayarsa daga gaban direba sai ya shaƙe iskar, inji ya tsotsi mai da yawa. Shi ne cok. Bayan Charles Kettering ya ƙera sitata mai aiki da lantarki, aka sa wa Cadillac a 1912, mutane suka huta da wana inji da hannu, wanda ya karya hannuwa ba iyaka, sai jan cok ya zama babban ilmin safiya, wanda uba ke koya wa ɗa, direba ke koya wa yaronsa: a ja shi duka in sanyi ya tsananta, a ja rabi in da dama-dama, a mai da shi da zarar inji ya soma gurnani yana fid da baƙin hayaƙi, kada kuma a yi ta taka totur barkatai don kada fulogi ya jiƙe. Wannan ijtihadi ne na haƙiƙa, mai yinsa yakan dace, yakan kuma kuskure, ba kuwa a iya rubuta shi a littafi guda ya dace da kowace mota, domin kowace da nata hali. Amurkawa sun soma yin cok mai sarrafa kansa tun shekarun 1930, amma motocin gudu na Turai sun daɗe suna riƙe da na hannu.

Wanda ya rushe wannan tsari kamfanin Bosch ne. Robert Bosch ya buɗe ɗan shagonsa na ƙananan injuna da kayan lantarki a Stuttgart a 1886, kamfaninsa kuwa ya soma ƙera famfon tura man dizal da yawa a 1927, kuma daga dizal dabarar ta haura zuwa jiragen yaƙi, inda injin Daimler-Benz DB 601 na jirgin Messerschmitt 109 ya riƙa karɓar fetur ta famfo kai tsaye cikin silinda. Da yaƙi ya ƙare, injiniyoyin da suka yi wancan aiki, irin su Hans Scherenberg, suka sauko da shi zuwa ƙananan motoci na Gutbrod da Goliath a farkon shekarun 1950, har aka kai ga Mercedes-Benz 300 SL, mai ƙofofin da ke buɗewa sama, wadda aka nuna a New York a 1954 da ƙarfin doki 215. Fa'idar tsarin a fili take, domin ƙarfi ya ƙaru, kowace silinda kuma tana samun rabonta daidai da 'yar'uwarta. Sai dai da kafireto ya tafi, shaƙe iska ta zama ba ta da amfani, tun da yake ba tsotso ne ke kawo mai ba, famfo ne ke aunawa ya tura; saboda haka ya zama wajibi a koya wa famfon abin da direba ya riga ya sani tun kaka da kakanni. Tun a 300 SL ɗin ma aka ga alamar abin da ke tafe, domin famfonta yakan ci gaba da fesawa bayan an kashe makulli har sai inji ya gama juyawa, rarar man ta wanke bangon silinda ta gangara cikin baƙin mai, shi ya sa ake umurtar mai ita ya canja baƙin mai duk kilomita 1,600.

Ba kowa ne ya haye wannan kwazazzabo lafiya ba. Kamfanin Bendix na Amurka ya fito da tsari mai aiki da lantarki, Electrojector, aka yi niyyar sa wa Rambler Rebel a 1957, ƙin tashi da sanyi yana daga cikin abin da ya hana. Chrysler ta sayar da motoci kimanin 35 da shi a 1958, kusan dukkansu aka dawo da su aka mai da musu kafireto, daga bisani kuwa Bosch ta ɗora a kan wannan ilmi ta fito da D-Jetronic a Volkswagen 1600 a 1967. Turawan Ingila kuma, bisa al'adarsu ta rashin gaggawar rabuwa da abin da aka gada, da Lucas ta yi wa Triumph TR5 tsarin fesa mai a 1967, sai suka bar marikin cok a gaban direba yadda yake, suka ɗaura wayarsa a jikin ma'aunin mai kurum.

Inda labarinmu ya fi armashi shi ne wurin Porsche 911, wadda ake ƙerawa a unguwar Zuffenhausen ta Stuttgart. Ta soma da kafireto, na Solex sa'an nan na Weber, amma a samfurin 1969 aka sa wa 911E da 911S famfon Bosch mai ƙananan fistin shida, wanda bel mai haƙora ke juyawa daga kamshaf na hagu, kuma shi ne dai ke cikin Carrera RS 2.7 ta 1973, mai ƙarfin doki 210, wadda aka ƙera guda 1,580. Wannan famfo, in mutum ya buɗe shi, lalle ya yi ta'ajibin hikimar waɗanda suka tsara shi, domin babu kwamfuta a ciki, babu ko lissafin lantarki: wani dunƙulen ƙarfe ne mai tudu da kwari, wanda gudun inji ke turawa gaba da baya, totur kuma ke juya shi, wata 'yar ƙafa tana bin fuskarsa tana karanta yawan man da ya dace, ga kuma wani ɗan akwati da ke kumbura ko ya motse gwargwadon nauyin iska, don in mota ta hau dutse a rage mata mai. Saura sanin zafin inji. Sauran motoci suna tambayar ruwan lagireto, ita kuwa 911 iska ke sanyaya ta, ba ta da ruwan da za a tambaya. Sai injiniyoyin suka jawo tiyo daga rufin da ke kewaye da bututun hayaƙi, ya kawo iska mai zafi zuwa wani kurtu a jikin famfon, wanda aka jera faya-fayan tagwayen ƙarfe a cikinsa.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan tagwayen ƙarfen nan, domin su ne suka gaji kujerar direba. In aka manne ƙarafa biyu waɗanda miƙewarsu da zafi ba ɗaya ba, to, duk sa'ad da suka ɗumama ɗaya zai rinjayi ɗaya, su lanƙwasa, in sun huce su koma yadda suke. Da wannan ɗan motsi, wanda ido da ƙyar ke ganinsa, aka tafiyar da sha'anin sanyin motocin Turai shekara da shekaru. A famfon 911, faya-fayan na kumbura sa'ad da iska mai zafi ta ratsa su, su tura wata sanda ta rage mai. Wannan kuwa na bayan inji ya tashi ne. Don tashin kansa sai aka ƙara wani bawul mai buɗewa da lantarki a kan matatar mai, wanda ke watsa ɗanyen fetur a mashigar iska, a samfurorin farko cikin gidan matatar iska, daga 1972 kuwa cikin maƙogwaron kowace silinda, kuma ba ya buɗewa sai sitata na juyawa, sai kuma wani makunni ya ba shi izini. Makunnin nan alƙali ne mai sauraron shaidu biyu: zafin jikin inji, wanda ke shaida ko akwai larura, da zafin wata 'yar waya da aka naɗa wa tagwayen ƙarfensa, wadda ke ɗumama muddin sitata na juyawa, tana shaida tsawon lokacin da aka yi ana zuba mai. Wanda aka fi sani cikin irin na Bosch yakan hana fesawa in inji ya haura digiri 35, in kuwa sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri yakan bari a fesa kimanin sakan 8, sa'an nan ya yanke, don kada mai naci da makulli ya nutsar da injinsa. Abin da aka bar wa direba ɗan mariƙi ne a tsakanin kujeru, da yake ɗagawa don ya ƙara silo har inji ya ɗumama.

Muddin mota sabuwa ce, tsarin ya yi aikinsa. Amma shekaru ba su bar shi ba: tiyon iska mai zafi yakan yage, ƙura da mai su liƙe faya-fayan, famfo ya zauna yana tsammanin har yanzu asuba ce alhali rana ta take, makunnin yakan mutu, ko dai ya hana mai da sanyi ko ya sake shi da zafi, bawul ɗin kuwa yakan soma ɗiga. Nan haɗarin yake, domin in ɗanyen fetur ya taru a gidan matatar iska, inji kuma ya yi tari, wuta ta dawo baya ta mashiga, abin da zai biyo baya gobara ce a bayan mota, inda direba ba ya gani sai ta madubi. Tsoron wannan gobara, haɗe da tsadar kayan asali da ƙarancin masu sanin famfon, shi ne tushen al'adar da muke magana a kanta, watau yanke wayar makunnin a maye gurbinsa da maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, wanda mai mota ke dannawa da yatsa sakan ɗaya ko biyu yana murɗa makulli.

Kafin mu zo kan hukuncin maɓalli, sai mu ƙarasa tarihin. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta 1970 ta matsa wa masu ƙera motoci, famfon nan kuwa, duk da ƙarfinsa, mai almubazzaranci ne, don haka a Janairun 1973 aka sa wa 911T ta kasuwar Amurka sabon tsari, K-Jetronic, wanda a cikinsa iskar da inji ke shaƙa ke ɗaga wani faranti, farantin ya ɗaga ma'aunin da ke raba mai. Don ɗumamawa aka sa wani mai daidaita matsi, shi ma da tagwayen ƙarfe, wanda da sanyi yakan sassauta matsin da ke danne farantin ya sauko wajen bar 1 a ma'aunin matsi, farantin ya ƙara tashi, mai ya ƙaru, in inji ya ɗumama kuwa matsin ya koma wajen bar 3.5. Don tashi kuma aka sa nozul guda na musamman, wanda makanikai ke kira na bakwai a mota mai silinda shida, na biyar a mai huɗu, ƙarƙashin izinin alƙalin nan mai shaidu biyu. Tsohuwar cuta sai ta sake kama: akwatin iskar 911 na roba ne, in wuta ta dawo baya sa'ad da nozul na bakwai ya cika shi da tururi, sai ya tsage da ƙara, mota ta mutu nan take, gyaran kuwa babba ne. Masu motoci suka ƙago nasu magani, suka riƙa huda akwatin suna manna masa 'yar ƙofa mai sifirin da ke buɗewa in iska ta buga, ita kuma Porsche a farkon shekarun 1980 ta sa bututu a ciki da ke kai man ga kowane maƙogwaro kai tsaye. Ƙarshen al'amarin ya zo da Motronic, wanda ya fara a BMW 732i a 1979, ya shigo Carrera 3.2 a samfurin 1984: kwamfuta ta karanta zafin kan silinda, ta tsawaita buɗewar nozul shidan da ke akwai, na bakwai ya zama ba shi da aiki, aka cire shi.

Yau waɗannan motoci sun haura shekara 40 da 50, irin su Carrera RS kuwa ana sayar da su dubban ɗaruruwan daloli, shi ya sa saɓanin ya yi zafi. Masu riƙon asali suna cewa duk abin da ba daga Zuffenhausen ya fito ba bidi'a ce mai rage darajar mota, kuma injiniyan da ya ƙayyade sakan 8 ya gwada a ɗakin sanyi, ba da ka ya faɗa ba. Masu maɓalli suna cewa makunnin da ya shekara 50 ba abin dogara ba ne, ga kuma fetur na zamani, wanda ake gauraya wa barasar etanol har kashi 10 cikin 100 a Amurka da Turai, yana cin tsofaffin tiyo, saboda haka gara mutum ya san da kansa lokacin da ɗanyen mai ke zuba a injinsa. Ni a ganina hujjar masu maɓalli karɓaɓɓiya ce, amma bisa sharuɗɗa. Lalle maɓallin ya zama mai komawa da kansa in an ɗauke yatsa, domin wanda ake kunnawa a bar shi, wata rana sai an manta da shi. Lalle kuma wutarsa ta fito daga wayar sitata, wadda a ƙa'idar wayoyin Jamus ake sa wa lamba 50, yadda ko yaro ya danna shi mota na tsaye, ko gwiwa ta taɓa shi ana tafiya, babu man da zai fita; a K-Jetronic ma aikin ya fi sauƙi, tun da yake nozul ɗin daga lamba 50 yake samun wuta, makunnin kuwa hanyar komawarta jikin mota yake riƙewa, sai maɓalli ya zauna a wannan gurbi. Wanda ya jawo waya daga batir kai tsaye, babu fis, ya kau da shaidun biyu gaba ɗaya, bai kuwa kawo wani a madadinsu ba.

Abin da na fi ƙi a al'adar shi ne yadda take rufe asirin wata cutar. Mota ta ƙi tashi da zafi bayan an tsaya shan mai, sai a ce a sa maɓalli, a danna, ta tashi, kowa ya yi murna, alhali illar tana wani wuri: ma'ajin matsi ya huje, ko bawul ɗin da ke hana mai komawa tanki ya saki, matsi ya zube, fetur ya tafasa a bututu. Ko kuwa ta ƙi zama da sanyi don iska na satar shiga ta tsagar roba, a yi ta ɗura mata mai da yatsa, fulogi ya yi baƙi, zoben fistin ya riƙa gogar busasshen bango, baƙin mai ya koma ruwa-ruwa yana warin fetur. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Mu ma nan abin ya taɓa mu ta gefe. Peugeot ɗin da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975 mai kafireto ce, a kanta kuwa makanikanmu da yawa suka koyi sana'a, saboda haka da motocin Kwatano suka shigo da Marsandi 230E da 280E masu K-Jetronic, sau da yawa maganin da ake yi musu shi ne a zare wayar nozul ɗin sanyi, in abin ya faskara a tumɓuke tsarin duka a ɗora kafireto. Zare wayar nozul a ƙasa mai zafi ba babban laifi ba ne, domin mota mai lafiya takan tashi ba tare da shi ba in an ɗan ƙara juya ta, ko da a hunturun Jos ne. Tumɓuke tsarin kuwa, ban ga rashin basira a ciki ba, abin da na gani rashin kayan awo ne, domin K-Jetronic ba ya bayyana ciwonsa ga kunne, sai ga ma'aunin matsi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in Allah ya mallaka maka irin wannan tsohuwar mota, ko aka kawo maka ita gareji, kada ka taɓa waya sai ka auna matsin mai da sanyi, da zafi, da kuma bayan an kashe inji. Ka ciro nozul ɗin ka sa a kwalba ka ga ko yana fesawa da ko yana ɗiga. Ka sake tsofaffin tiyo. In bayan haka ka zaɓi maɓalli, ka ɗauki wutarsa daga lamba 50, ka adana makunnin da ka cire don wanda zai gaji motar, ka kuma ajiye tukunyar kashe gobara a inda hannunka zai kai kana zaune a kujerar direba.